Yadda Kunne Ke Gyara Murya

Mutane da yawa sun zaci kowane tsuntsu da kukansa ake ƙyanƙyashe shi. Wannan gaskiya ne ga waɗansu, amma ba ga duka ba.

Wani masani mutumin Japan, Masakazu Konishi, wanda ya yi aikinsa a Amurka, shi ya rarrabe al'amarin. A 1963 ya bayyana abin da ya gani da ya kurmantar da 'yan tsaki, watau ya cire musu abin ji na can cikin kunne. Da suka girma, zakarun suka yi cara daidai da 'yan'uwansu. Ashe zakara gadon cararsa ya yi.

To, amma a 1965 da ya gwada wata irin gwara ta Kalifoniya, sai labari ya sha bamban. Ita wannan tsuntsuwa tun tana ƙarama take jin waƙar manyanta, ta riƙe a ka, sai bayan watanni ta soma gwadawa. In an kurmantar da ita a tsakanin nan, ko da ta riga ta ji waƙar sarai, ba abin da za ta fitar sai hayaniya marar kan gado. Dalili kuwa shi ne, sai ta ji muryar kanta za ta iya auna ta da abin da ta riƙe, ta gyara inda ta kauce, kamar dai almajiri mai tilawa yana bin abin da malam ya biya masa. Har wa yau a 1992 an ga wani ɗan tsuntsun Ostareliya, ko ya girma ya ƙware, in ya kurmance waƙarsa takan lalace sannu sannu cikin makonni.

A nan ɗan Adam ya fi kusa da gwara bisa ga zakara. Yaron da ya rasa ji kafin bakinsa ya buɗe, da wuya ya yi magana, alhali harshensa lafiya lau. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa duk suna kurmantarwa. Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, duk yaron da ya tashi daga waɗannan cututtuka, aka kira shi ta baya bai waiwaya ba, a kai shi asibiti tun da wuri a duba kunnensa.