Ba a fafe gora ranar tafiya

Ya kai mai karatu, kowace shekara ƴan lakwal suna samun hutu a ƙarshen watan Disamba da ƙarshen watan Maris. Wataƙila kana da niyyar ɗaukar iyalinka cikin mota, ku tafi arewa, yara su ga ƙasarsu. Niyya ce mai kyau. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Amma abin da ka manta a gida, ba ka samun shi cikin hamada. Saboda haka darasinmu na yau a kan shirin tafiya yake. Ɗauko alƙalami da takarda, don akwai lissafi a ciki.

Mi za a gani?

Gandun daji wuri ne da gwamnati ta keɓe don a tsare dabbobi da itatuwa. Ba a farauta a ciki, ba a saran ɗanyen itace. A gefen hamada muna da manyan gandaye uku.

Na farko shi ne gandun Abzin da Tenere, cikin jihar Agadas. An kafa shi a 1988. Faɗinsa ya wuce hekta miliyan 7 da rabi, wato ya kusa ninka jihar Maraɗi sau 2. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. A ciki akwai duwatsu da tuddan yashi, akwai barewa da ragon dutse da dila da biri. Abzinawa makiyaya da masu garka suna zaune a ciki tun kaka da kakanni.

Na biyu shi ne gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012. Can ne ragowar farar dabbar nan mai murɗaɗɗun ƙahoni take, wadda ake kira adaks. Wurin yana da nisa ƙwarai daga gari da likita. Bai dace da mai ƙananan yara ba.

Na uku shi ne gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Tun 1955 aka kafa shi. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga wajen Kure, kusa da Yamai, an kai su can. In wannan ce tafiyarku ta farko, Gadabeji ta fi kusa, ta fi sauƙi.

Zaɓen lokaci

A ƙasashen Turai, watan Maris da Afrilu da Mayu lokacin furanni ne da iska mai daɗi, shi ya sa mutanensu suke son fita yawo a lokacin. Mu kuwa a nan bazara ce. A Agadas, cikin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 da rana. To, ka ga hutun Disamba ya fi dacewa da tafiyar iyali. Rana ba ta da zafi sosai, sai dai sanyin dare. Ka ɗauki bargo ga kowa, da rigar sanyi ga yara.

In kuwa sai hutun Maris ne kake da hali, ka gajarta tafiyar. Ku tashi da asuba. Ku tsaya a inuwa daga ƙarfe 11 har la'asar. Kada tafiyar ta kai ku cikin Afrilu.

Da damina akwai wani haɗarin. Ana iya yin ruwa bisa duwatsu can nesa, kai ba ka ga ko hadari ba, sai ƙorama ta taho da ƙarfi. Kada ku taɓa kwana cikin busasshiyar ƙorama, komi taushin yashinta.

Tambaya kafin tashi

Matambayi ba ya ɓata. A shekarun nan akwai ƴan fashi da masu satar mutane a wasu hanyoyin arewa. Ban da haka, lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu wurare na Abzin. Don haka kafin ka kashe ko dala, ka je wurin jandarma ka tambayi halin hanya. In ka isa Agadas ka sake tambaya, ka kuma je ofishin ma'aikatan gandun daji su gaya maka takardar da ake bukata. In hukuma ta ce a dakata, ka dakata. Dutse ba ya gudu, baɗi ma yana nan.

Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Yara kuma a ɗauko takardarsu ta haihuwa. Takardun mota su zama cikakku.

Hanya da kwanaki

Bari mu ɗauki misalin iyalin da za su Timiya, garin garka cikin duwatsun Abzin. Daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisinat, wajen kilomita 450 ne. Daga Tawa, ta Abalak, wajen kilomita 400. Daga Yamai kuwa wajen 950, wannan tafiyar kwana 2 ce ga mai yara.

In kun isa Agadas ku huta kwana guda. Ku ga babban masallaci mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27. Ku ga fadar Sarkin Abzin da tsohon gari, wanda shi ma ya shiga gadon duniya a 2013. A ranar ce makaniki zai sake duba mota, a cika ruwa da mai.

Daga Agadas zuwa Timiya wajen kilomita 220 ne. Babu kwalta, sai duwatsu da yashi, don haka yini guda ake yi. A Timiya za ku ga lemu da rumman da dabino suna yabanya tsakiyar baƙin dutse, ga kuma wurin da ruwa yake gangarowa ya taru gindin dutse.

Lissafin ruwa

Ruwa shi ne kan gaba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne, cikin jihar Damagaram. Motocinsu biyu sun lalace, ruwa ya ƙare. Allah ya jiƙansu. Su neman abinci ne ya fitar da su, kai kuwa yawon buɗe ido za ka. Amma ƙishirwa ba ta tambayar abin da ya kawo mutum.

To, ga yadda ake lissafi. Ka ba kowane mutum lita 8 a yini, na sha da na dafuwa. Yaro ma ka ƙidaya shi kamar babba. A ce ku 6 ne: kai da uwargida, yara 2, direba da jagora.

6 sau 8, lita 48 ke nan a yini.

Zuwa Timiya da komowa kwana 2 ne bisa hanya. Ƙara kwana 2 na ko-ta-kwana, sun zama 4.

48 sau 4, lita 192 ke nan.

Bido guda, wato jarka, yana cin lita 25. Kana bukatar bido 8. Ƙara guda saboda injin mota, sun zama 9.

Kada ka zuba ruwanka duka cikin tano guda. In ya huje, ka yi hasarar duka. Kada ka sa ruwan sha cikin bidon da ya taɓa ɗaukar mai. Duk inda kuka iske rijiya, ku cika abin da ya ragu, ko da bido guda ne. Ruwan rijiya da na tafki kuwa, a tafasa shi kafin a ba yara.

Lissafin mai

Mota ta fi shan mai cikin yashi da duwatsu. Tambayi direba abin da motarsa take sha. A ce lita 20 ne a kilomita 100. Zuwa da komowa kilomita 440 ne, wato lita 88. Yanzu ƙara rabin wannan, lita 44, saboda ɓatan hanya da kafewa cikin yashi. Jimilla lita 132. Ka sayi manka tun daga Agadas, kada ka ce sai gaba. A ɗaure bidon mai nesa da abinci, kuma kada wani ya sha taba kusa da shi.

Mota da jagora

Ƙaramar motar gari ba ta wannan hanya. Sai kat-kat, wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Kuma mota guda ba ta shiga hamada ita kaɗai. Ku haɗu da wani iyali ku yi mota biyu. In guda ta lalace, guda ta ja ta ko ta je neman taimako. Kowace mota ta yi nata lissafin ruwa da mai.

A cikin mota a samu tayar ajiya 2, da famfon iska, da shebur, da igiya mai ƙarfi ta jan mota, da kayan gyara. In an shiga yashi mai taushi akan rage iskar taya, in an fita a mayar.

Ka nemi jagora ɗan ƙasar, wanda hukuma ta sani. Shi ya san rijiyar da ta ƙafe da wadda take da ruwa. Shi ya san inda ba a takawa. Ku bi sawun motoci, kada direba ya ce zai yanke. Salula ba ta da amfani inda babu rezo. Tambayi jagora ko yana da wayar Thuraya, wadda take aiki ko'ina cikin hamada.

Takardar da za ka bari a gida

Yanzu da ka iya rubutu, ga wurin da zai yi maka rana. Rubuta takarda 2 iri ɗaya. Ka bar guda a gida, guda wurin mai masaukinka a Agadas. Ga misali:

Mun tashi daga Agadas ran Litinin da asuba. Za mu Timiya. Mu 6 ne cikin farar mota, ga lambarta. Za mu komo ran Laraba da marece. In ba ku ji mu ba har safiyar Alhamis, ku gaya wa jandarma.

In mota ta lalace, ku zauna kusa da ita. Masu nema sun fi saurin hango mota da mutum. Ku ɗaura zane a jikinta ku yi inuwa. Kada kowa ya yi tafiyar ƙasa da tsakar rana. A raba ruwa da awo, yara su fara sha.

Lafiyar iyali

Ke uwargida, wannan sashe kusan naki ne. Mai tsohon ciki da jinjiri da tsoho mai rauni su zauna gida. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganinsa, har da na ƙarin kwanaki.

Yaro ba ya faɗin yana jin ƙishirwa sai ya galabaita. Ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan tun bai tambaya ba. In fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ko yana jiri, ko ya yi laushi, ki kai shi inuwa, ki jiƙa zane ki shafe masa jiki. In zawo ya kama shi, ki haɗa ruwan gishiri da suga: lita 1 ta ruwa mai tsabta, suga ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. In bai samu sauƙi ba, a juya zuwa likita mafi kusa, tafiya ta ƙare ke nan.

Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, cuku, shinkafa. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama.

Ladabin baƙo

A da, akwai wata itaciya tilo tsakiyar Tenere. Ayarin gishiri masu zuwa Bilma da ita suke gane hanya, kuma ba mai karya mata reshe. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi. Yau gangar jikinta tana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, can kuwa an kafa ta ƙarfe a madadinta. Ka ga abin da ya daɗe yana tsaye, mutum guda ya kayar da shi rana guda.

Don haka ku zo da gawayinku ko gas, kada ku sari itace. Kada a kori barewa da mota. A duwatsun Abzin akwai zanen dabbobi da mutanen da suka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce, kada yara su rubuta sunansu a kai. Kada a yi wanka da sabulu cikin ruwan da mutane da bisashe suke sha. Leda da gwangwani a tattara su a komo da su. Kafin ka ɗauki hoton mutum, ka gaishe shi ka nemi izininsa.

Kuɗɗi kuma, ka rubuta na mai da na jagora da na masauki da na abinci. Ka ware kashi ɗaya cikin uku ka ɓoye, na gyaran mota ne da magani. In lissafi bai kai ba, ku tsaya Agadas ko ku je Gadabeji. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya.

Tambayoyi

1. Domi hutun Disamba ya fi na Maris dacewa da tafiyar hamada?
2. Wa za ka tambaya halin hanya kafin ka tashi?
3. In mota ta lalace, mi ya sa ake zama kusa da ita?
4. Ƙaƙa ake haɗa ruwan gishiri da suga?

Aiki

1. Ku 5 ne, tafiyarku kwana 3 ce, kun ƙara kwana 2 na ko-ta-kwana. Lita nawa na ruwa kuke bukata? Bido nawa ke nan?
2. Rubuta takardar da za ka bari a gida, ka karanta wa abokan karatunka.