Lambun Bayan Gida: Jarinsa Yana Cikin Shara

A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Ta cinye ganye, ta huda 'ya'ya, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa kuma ta tsaya don rashin abin niƙawa. Kuɗin cefane ya yi tashin gwauron zabo. Duk da haka, gidan da ke da 'yar kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki bai ci tuwo gaya ba.

Kiran jama'a su yi lambu a gida ba yau aka fara ba. Tun 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, ta ce kowa ya nome ɗan filin da ke kusa da shi, har makarantu. Abin da ke kashe wa mutane gwiwa shi ne zaton da suke yi cewa lambu sai mai fili da injin ban ruwa da buhun takin zamani. Wannan kuwa lissafin noman kasuwa ne. Lambun miyar gida kusan duk abin da yake bukata yana cikin abin da gidan ke zubarwa.

Mai niyya ya fara da duba inda rana take. Kayan lambu suna son hasken awa shida ko fiye a yini, saboda haka gindin mangwaro ba wurinsu ba ne. Idan tsakar gidan siminti ce, ko kuwa gidan haya ne, tsohon buhun shinkafa da fasasshen bokiti da tukunyar da ta tsage duk sun isa. A huda gindinsu don ruwa ya riƙa tsiyaya, a cika su da ƙasa. Ɗan haya in zai tashi, sai ya ɗora lambunsa a kura tare da sauran kaya.

Taki ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin darajarsa: tun kakanni, da jakuna suke shigo da itace birni, su koma da mangala cike da toka da juji, kuma da wannan suka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Amma taki sai ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone saiwa cikin 'yan kwanaki, mai lambu ya koma yana zargin iri. A tara kashin awaki ko na kaji da ɓawon kayan miya da busasshen ganye a rami, a tsince leda da kwalba da tsohon batir, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Bayan wata biyu zuwa uku, in ya yi baƙi, wari da ɗumi suka tafi, ya nuna. Sai a gauraya kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ƙasa.

Sabon mai lambu kan yi ɗokin tumatir, alhali shi ne mafi shagwaɓa a cikin kayan miya. Zafin bazara yana kakkaɓe masa fure, damina tana jawo masa cuta, shi ya sa yake tsada a waɗannan watanni. Lokacinsa sanyi ne: a yi rainonsa wajen Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu. Wanda aljihunsa ba nauyi, gara ya fara da ganye. Alayyafo kan isa yanka cikin wata guda, in kuma an bar gindinsa zai sake tohowa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a cakuɗa shi da yashi kafin a yafa. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a bar biyu a buhu, kafin wata biyu ta fara 'ya'ya. Zogale kuwa reshe kawai za a roƙa wurin maƙwabci a kafa a jikin katanga.

Iri ma haka, a bar kuɓewa ɗaya ta ƙosa ta bushe a jikin uwarta, an sami na baɗi. Sai dai irin haɗi na kamfani ba a ajiye 'ya'yansa, don ba sa gadon kyawun iyayensu.

Ga wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kowace moɗa kuɗi ce. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya a tare su a bokiti a ba shuka, da sassafe ko da yamma. Ruwan omo da na kwata ban da su. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, laima za ta daɗe.

Babban abokin gaba ba ƙwaro ba ne, akuyar gida ce, sai kaji. Tun kafin a zuba iri a kafa shinge na kara ko tsohuwar zana, tsohon gidan sauro kuma ya tsare wurin raino. In ƙwari suka ɓulla, a daka busassun 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma duk mako. Maganin feshi na kanti kada a taɓa shi sai da shawarar malamin gona, musamman a kan ganyen da za a tsinka a ci a makon, kuma a gidan da yara ke wasa kusa da shuka.