Ƙirjin Kaza da Ƙirjin Tattabara: Darasi a Kan Zaɓen Motar Tsere Ta Hannu

A filayen dillalan motoci da ke bakin manyan titunan Kaduna ta Arewa, jefi-jefi akan ga wata 'yar gajerar mota a tsakanin manyan, mai ƙiran kibiya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Irinta ake kira motar tsere, ko da yake don titi aka ƙera ta. A ɗauka wani matashin ma'aikaci da ke zaune a Kawo, yana aiki kusa da Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, ya tara kuɗinsa na shekaru, sai ya sami irin waɗannan motoci guda biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko Toyota Celica ce, samfurin ƙarshe da aka ƙera daga 1999 zuwa 2006. Ta biyu Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012. Wadda ya ɗauka ita za ta riƙa kai shi aiki kullum, ta kai gyatumarsa asibiti, ta je Zariya ran Asabar. In ya yi kuskure, ba shi da kuɗin sayen wata.

A takarda Mazda ce a gaba. Mai giya shida tana da ƙarfin doki kimanin 230, alhali Celica ta gama-gari 140 gare ta. Amma ɗalibin ilmin halittu ya san cewa tambayar wa ya fi ƙarfi ba ta da amsa sai an faɗi irin aikin da za a yi, da wurin da za a yi shi.

A dubi naman kaza. Ƙirjinta fari ne, cinyarta kuwa ta yi duhu. Dalili shi ne zaruruwan tsoka iri biyu ne. Masu duhu cike suke da ƙananan jijiyoyin jini da wani sinadari ja mai suna mayogulobin, wanda ke riƙe iskar oksijin. Suna ƙona abinci a hankali, suna daɗewa ba su gaji ba, shi ya sa kaza ke wuni tana tono. Farare kuwa suna farfasa sukarin da ke ajiye cikinsu ba tare da jiran oksijin ba. Ƙarfinsu mai yawa ne, amma na ɗan lokaci. Da su kaza ke tashi fir ta haye katanga idan an kore ta, daga nan kuma sai haki. Tattabara, da yake ita tafiyar nesa take yi a sama, ƙirjinta ja ne wur.

Haka injin mota yake. Ƙarfin da ake rubutawa a takarda shi ne wanda injin ke bayarwa a ƙololuwar juyawarsa. Injin RX-8 sai ya haura juyi 8,000 a minti ɗaya kafin dawakan nan 230 su fito. Mai bin titin Ali Akilu da safe, tsakanin motocin haya, da wuya injinsa ya wuce juyi 3,000. A wannan mataki Mazda ba ta da wani kuzarin a zo a gani. Mutum ya sayi ƙirjin kaza ke nan, alhali aikin cinya ke gabansa.

Asalin bambancin yana cikin ƙirar injinan biyu. Na Celica irin wanda aka saba ne, fistin huɗu suna hawa da sauka cikin silinda. Na Mazda ba shi da fistin ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa, kuma guda biyu ne a motar. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙago wannan tsari, aka fara gwada shi a kamfanin NSU a 1957. Injin ƙarami ne, mara nauyi, ba ya jijjiga, kuma ƙararsa tana da daɗin ji. Sai dai wurin da mai ke ƙonewa a cikinsa dogo ne siriri, wato bangonsa ya yi yawa idan aka gwada da abin da yake ɗauka.

Wannan magana ta yawan fata a kan girman jiki tana cikin manhajar sakandare. Ɓera yana da fata mai yawa idan aka auna da ɗan jikinsa, saboda haka zafin jikinsa na saurin tsiyayewa, dole ya yi ta ci don ya mayar. Giwa tana cin abinci mai yawa, amma in aka raba da nauyinta, ba ta kama ƙafar ɓera ba. Injin Wankel ɓera ne. Zafin da ya kamata ya tura mota yana bin bango ya salwanta, wani man ma yakan fita bai gama ƙonewa ba. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, RX-8 tana shan kusan lita 15 a tafiyar kilomita 100 cikin gari, Celica kuwa kimanin lita 10. In matashin nan yana cin kilomita 800 a wata, bambancin lita 40 ne, wato lita 480 a shekara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya daina zama abin wasa. Malami na iya sa ɗalibai su tambayo farashin lita a gidan mai mafi kusa da makaranta su ninka, sa'annan su gwada da albashin malamin firamare.

Bayan fetur akwai baƙin mai. Da gangan aka tsara injin Mazda ya riƙa tsiyaya baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa, don ya jiƙa wasu siraran ƙarafa da ke toshe iska a bakin kowace kusurwa. Dole mai motar ya riƙa dubawa yana ƙarawa. In ƙarafan nan suka cinye, sai an sauke injin an warware shi. Ƙura tana gaggauta cinyewarsu, ga shi kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana lulluɓe Kaduna da ita. Zafi ma abokin gabarsu ne, kuma a Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura 35. Gajerar tafiya ita ma ba ta yi wa injin daɗi. In aka tayar da shi aka kashe kafin ya ɗumama, mai kan cika shi ya jiƙa filogi, ya ƙi tashi.

To, idan ta lalace fa? A nan ne Celica ta yi sa'ar dangi. Injinta mai lita 1.8 shi ne dai aka sa wa Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Nijeriya. Bakaniken da ke gyaran Corolla ya san shi ciki da bai, kuma wanda ya shiga Panteka neman kayansa ba zai dawo hannu rabbana ba. Mai RX-8 kuwa sai ya yi cigiyar wanda ya taɓa buɗe irin injinsa, ya kuma jira kaya daga ƙasar waje. Dabbar da aka kai inda babu abincinta ba ta daɗewa, komai kyanta. Mutanen Kaduna sun ga haka a kan Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, a hayin kogi, bayan buɗe masana'antar a 1975. Ba gudu ya sa ta yi ƙarko a Arewa ba, samun kayanta a kowane gari ne.

Kada a ɗauka Celica ba ta da aibu. Ƙofa biyu gare ta, kujerun bayanta na yara ne, kuma sa tsohuwa ta sunkuya ta shiga ciki rashin ladabi ne. Mazda ta fi ta a nan, don tana da ƙananan ƙofofin baya biyu, ta kuma fi ta riƙe titi a kwana. Injinan Celica na shekarun farko sun yi suna wajen shan baƙin mai idan zoben fistin ya toshe, alamarsa shuɗin hayaƙi. Akwai kuma wata Celica mai doki 180 zuwa 190, wadda aka haɗa injinta da taimakon Yamaha. Ita ma sai ta kai wajen juyi 6,000 take nuna halinta, kuma tana bukatar fetur na musamman, alhali gidajen mai a nan iri ɗaya suka saba sayarwa. Duk biyun kuma tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. A watan Agusta, in ruwa ya kwanta a lungunan Unguwar Rimi ko Malali, injin da ya shaƙi ruwa a maimakon iska ya gama aiki. Duk da haka, don zirga-zirgar yau da kullum a Kaduna, Celica mai doki 140 ita ce tattabarar, muddin lafiyarta ƙalau.

Lafiyar kuwa sai an gwada, domin ƙaramar cikinsu ta haura shekara goma da ƙerawa. Abu na farko da za a leƙa shi ne salansa. A cikinta akwai wani tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wadda ake yawan cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke ciki. In babu ita, iskar kabon monoksaid tana fita da yawa. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa himogulobin na jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Salansa mai huda a ƙarƙashin gajerar mota, gilasai a rufe, a tsaye cikin cunkoso, tana fara wa direba da ciwon kai da gyangyaɗi, shi kuwa ya zaci gajiyar aiki ce.

Wanda zuciyarsa ta nace wa Mazda, akwai gwaji mai sauƙi. Injin Wankel da ya gaji yakan tashi lafiya da sanyin safiya, amma ya yi gardama idan ya yi zafi. Saboda haka kada ya yarda da tayarwar da dillali zai yi masa a fili. Ya ɗauki motar daga Kawo ya kai Mando ya dawo, har allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Ya kashe ta, ya jira minti biyar, sa'annan ya murɗa makulli yana ƙirga daƙiƙoƙi.