Auduga da Leda

A wannan wata bari mu duba abu biyu da ke cikin kowane gida, watau zaren auduga da leda. Ga ido ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma masana sun tarar gininsu iri ɗaya ne: ƙananan ƙwayoyi dubbai, waɗanda ido ba ya gani, jere ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya a zare. Irin wannan doguwar sarƙa su ke kira polima. Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya faɗi haka a 1920, masana da yawa suka ƙi yarda. Sai a 1953 aka ba shi lambar Nobel.

Sarƙar auduga da sukari aka ƙulla ta. Shukar da kanta ta kan yi sukarin nan cikin ganyenta, daga ruwa da iska da hasken rana. Ciyawa da kara da itacen wuta duk suna da wannan sarƙa. Ƙaro, da ulu, da silikin tsamiya da a ke yi wa riga aiki da shi, su ma polima ne, sai dai ƙwayoyinsu dabam.

Leda kuwa ba a shuka ta. Daga man fetur ko iskar gas a kan fitar da wata iska mai suna etilin, a matsa ta ƙwarai har ƙwayoyinta su kama juna. Waɗansu masana a Ingila suka yi karo da wannan hanya a 1933, ba ma ita su ke nema ba. Nailan ya biyo baya a Amurka a 1935.

To, ina ruwan mai kiwo da wannan? Cikin tumbin akuya akwai ƙananan halitta masu yawan gaske waɗanda su ke kwance sarƙar ciyawa, ta koma abinci. Sarƙar leda fa, ba su iya kwance ta. Mu kan yar da ledar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ƙanshin mai ya ja akuya, ta haɗiye. Ledar ta zauna cikin tumbi, wata ta zo ta tarar da ita, su dunƙule su tare wurin abinci. Dabba ta yi ta ramewa alhali kuwa ga harawa a gabanta. Mai ita ya sayi maganin tsutsa sau biyu sau uku, a banza, gama ba tsutsa ba ce. Sau da yawa sai ranar yanka mahauci ya ke ciro dunƙulen ya nuna masa.