Amsoshin Tambayoyinku: Dunƙulen Boron a Cikin Ruwa

Wata mai sauraronmu daga Zariya tana tambaya: me ya sa wasu sinadaran boron ke taruwa da kansu a ruwa?

To Malama, mu ɗauki COSAN, wanda Frederick Hawthorne ya haɗa a Amurka a 1965. Keji biyu ne na boron da kabon, da ƙwayar kobalt a tsakani. Yana ɗauke da caji, shi ya sa yake narkewa. Amma haidurojin da ke lulluɓe da jikinsa ba ya jituwa da ruwa, sai ƙwayoyin COSAN ɗin su manne da juna, su yi ƙananan ƙwallaye masu rami a ciki. Aikin sabulu ke nan, alhali COSAN ba shi da jela mai gudun ruwa irin ta ƙwayar sabulu! Ana kuma amfani da COSAN wajen tsamo siziyom daga sharar nukiliya.