Amsar Tambaya: Yawon Kwalekwale a Lakwaja

Tambaya: Ina so in kai iyalina yawon buɗe ido a kan ruwa, mu ga gari mai tarihi, amma ban taɓa shiga kwalekwale ba. Ina zan dosa? Mai karatu, daga Zariya.

Amsa: Malam, dosa Lakwaja, inda kogunan Kwara da Binuwai suka haɗu. In mai jirgi ya kai ku mahaɗar, ku leƙa: ruwan biyu kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A garin ne Baturen nan Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900, kuma daga kan Dutsen Patti za ku hango kogunan shimfiɗe kamar tabarma.

Kai Bazazzagi ne, don haka kada ka tsallake maƙabartar sarakunan da Turawa suka tuɓe. A garin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya rasu a 1924, Sarkin Kano Alu kuma a 1926. Ka tsaya ka yi musu addu'a, yara su ji labarin daga bakinka.

Amma don Allah, kada ku je da damina; ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shanye unguwanni a can. Ku bari sai Disamba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne: kowa ya sa rigar kariya, har na goye. In ka ga an lafta wa jirgi buhuna har bakinsa na shafar ruwa, ka jira na gaba. Ku dawo gaɓa kafin magariba.