Ƙofar da Ba Ta da Mariƙi

Karatu: Wahayin Yahaya 3:20

Ɗan'uwa, in Allah ya kai ka Landan, ka shiga babbar majami'ar Bulus, wadda Christopher Wren ya tsara bayan gobarar 1666 ta cinye tsohuwar. Kubbarta za ta ɗauke maka ido, amma ka nemi zanen Holman Hunt. Ga Yesu da dare riƙe da fitila, yana ƙwanƙwasa ƙofar da ciyayi suka rufe. Duba da kyau, babu mariƙi a waje, sai daga ciki ake buɗewa.

Ka lura, ba marasa bi aka rubuta wa ayar nan ba. Ikkilisiyar Lawudikiya ce, masu zuwa sujada kamar ni da kai.

Addu'a: Ya Ubangiji, na bar ka tsaye a waje. Shigo. Amin.